Hayaniyar 'Yan Kallo: Ɗan Wasa, Shahara da Wasan Daɓe Mai Wuyar Haɗiya, Daga Mahangar Kachalla Sembe

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan wasan kwaikwayon Hausa a Jalingo, Jihar Taraba

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi yadda 'yan kallo ke karɓar wasan daɓe idan jigonsa sana'ar wasan ce kanta da shaharar da take jawo wa mai yin ta. An tsaya a unguwar Kachalla Sembe ta garin Jalingo aka hango batun, aka bi sawun dangantakar ɗan wasa da mai kallonsa tun daga tashe har zuwa finafinan Kano, sannan aka jingina da abin da ya sami wani wasa na Anton Cekof a Rasha a 1896. Matsayar maƙalar ita ce, 'yan kallonmu sun daɗe da iya haɗiye magana mai ɗaci. Abubuwa biyu ne ke tayar musu da hankali: a saɓa alkawarin da suka ɗauka an yi musu kafin a fara wasa, da kuma a juyo da tuhuma kansu. Wasan da ya yi maganar shahara da gaske kuwa, ba makawa sai ya aikata na biyun.

1.0 Gabatarwa



Nazarin wasan kwaikwayon Hausa, yadda muka gaje shi kuma muke koyar da shi, nazarin takarda ne. Mukan faro daga Six Hausa Plays na Rupert East na 1930, mu biyo ta Wasan Marafa na Abubakar Tunau, mu yada zango a Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Uwar Gulma na Mohammed Sada, mu ƙarasa da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina na 1979. A kowanne mu fitar da jigo da warwararsa, zubi da tsari, salo, taurari. Ɗalibi zai gama karatunsa ya feɗe Uwar Gulma har wutsiya, amma bai taɓa zama cikin taron da ake wasanta ba, balle ya ji abin da matan da ke bayansa suke faɗi sa'ad da Hayatu yake wulaƙanta Halima. Alhali wasan daɓe ba ya cika sai da wannan taron, kuma abin da taron ya faɗa wani ɓangare ne na wasan.

Ra'i biyu na jingina da su. Stuart Hall, a wata takarda da ya rubuta a Jami'ar Bamingam a 1973, ya nuna cewa saƙo ba ya isa ga mai karɓa yadda aka aiko shi: wani zai karɓa yadda mai aikowa ya so, wani ya karɓi rabi ya gyara rabi, wani kuma ya juya shi baibai. Susan Bennett kuwa, a littafinta Theatre Audiences na 1990, ta ja hankali ga kayan da ɗan kallo yake shigowa da su daga waje tun ba a fara wasa ba, wato inda ake wasan, wanda ya gayyace shi, abin da aka ce masa zai gani, ko ya biya ko bai biya ba, da abin da ya sani game da masu wasan. Na fi dogara da Bennett, domin a unguwanninmu kayan da ake shigowa da su daga waje sun fi na cikin wasan nauyi.

2.0 Su wane ne 'yan kallon?

Kachalla Sembe ɗaya ce daga mazaɓun Ƙaramar Hukumar Jalingo, garin da ya zama mazaunin Sarkin Muri a zamanin Muhammadu Nya a 1893, ya kuma zama babban birnin jiha da aka ƙirƙiri Taraba daga tsohuwar Gongola ranar 27 ga Agusta, 1991. Jama'ar garin gauraye ce: Fulani, Mumuye, Kona, Hausawa, Jenjo, Wurkun, da ma'aikata da 'yan kasuwa daga kowace kusurwa. Hausa ce harshen kasuwa da tasha da dandali. Don haka da yawa daga masu ƙyalƙyala dariya idan ɗan wasa ya yi habaici, da Fulatanci ko Mumuyanci za su ba da labarin in sun koma gida. Wannan kaɗai ya isa ya bambanta su da 'yan kallon Kano ko Zariya, waɗanda kusan duk rubuce-rubucenmu a kansu suke.

A ina mutumin irin wannan unguwa yake ganin wasa ido da ido? A bikin raba kyaututtuka na makaranta, a walimar saukar Alƙur'ani ta Islamiyya, a wasan matasan coci lokacin Kirsimeti da Ista, a wasan wayar da kai kan rigakafi ko zaman lafiya da ƙungiyoyi kan kawo, sai kuma tashe da azumi. Galibi kyauta ne, a fili ne, da rana ne. Ba a kashe fitila, ba labulen da ake ɗagawa, ba wanda ya taɓa gaya wa kowa cewa ladabin kallo shi ne shiru.

Duk wanda ya halarci irin wannan taro ya san fasalinsa. Manyan baƙi a gaba a kan kujerun roba ƙarƙashin rumfa, mata a gefe guda, yara a ƙasa suna ta jan gindi suna matsowa har sai sun cinye rabin filin wasan, wani malami ya taso da tsumagiya ya kora su baya, bayan ɗan lokaci su dawo. Samari a can baya, wasu a tsaye a kan babura, wayoyi a sama. Lasifika tana yankewa, janareta yana tari. Kuma ana magana da masu wasan kai tsaye. In mugu ya laɓe, sai ka ji yara sun ɗauka gaba ɗaya, "Ga shi nan bayanka!" In kishiyar uwa ta hana marainiya abinci, daga ɓangaren mata za a ji "Allah ya isa!" ba a ɓoye ba. In maƙaryaci ya rantse, wani daga baya zai ce masa, "Ƙarya kake yi, mun gan ka!"

Abubuwa biyu nake so a riƙe game da wannan taro. Na farko, sun san ɗan wasan. Ɗan gidan wane ne, shi ke sayar da katin waya a bakin titi, gobe da safe za a gaisa da shi. Na biyu, ma'aunin da suke auna iya wasa da shi daga allo ya zo musu: Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na tashar Arewa24, Labarina na Aminu Saira, Izzar So a YouTube, da abin da ake tura musu a waya. Saboda haka yaron da ke kan daɓe ana kallonsa da ido biyu a lokaci guda. Ido ɗaya yana gwada shi da Ali Nuhu ko Adam A. Zango, ɗayan kuma yana lissafin abin da mahaifinsa zai ce.

3.0 Ɗacin da aka saba haɗiyewa

Akwai masu cewa Bahaushe, ko mai kallon wasan Hausa, ba ya son wasa mai nauyi, barkwanci da wa'azi kawai ya iya karɓa. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Tun daga goma ga watan azumi yara suke fita tashe suna kwaikwayon malami da tsoho da boka da maigida marowaci, a ƙofar gidan waɗanda ake kwaikwayon, kuma a ba su sadaka. A Kano, Nalako da jama'arsa suna bin gwagware da tsiya a bainar jama'a. A wasan gauta, matan fada ne suke kwaikwayon sarki da hakimansa, tafiyarsu da maganarsu da hukuncinsu, sarkin kuma yana gani. A kalankuwa, bayan kaka, samari kan naɗa nasu shugabanni da alƙalai su yi mulkin 'yan kwanaki. A Damagaram akwai wasan kara, inda talakawa ke shigar manyan ƙasa. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna a ƙarshen shekarun 1930 yake rubuta wasannin sukar zalunci. Daga tsakiyar shekarun 1970 kuma, malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, su Michael Etherton da Salihu Bappa da Oga Steve Abah, suka riƙa kai wasa ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo, a tsayar da wasa a tsakiya manoma su yi gardama a kan taki da bashi da filaye.

Me ya sa aka jure duk wannan? Saboda an san iyakarsa. An san lokacinsa, an san wurinsa, an san abin da aka halatta a faɗa a ciki. Mafi muhimmanci, an san ɗan wasan zai koma gida. Yaron da ya manna gemun auduga ya yi tsoho, in ya cire ya wanke fuska shi kenan, ba mai kiran sa tsoho washegari. A tashen Mairama da Daudu yarinya ce take fitowa a matsayin mijin, kuma ba wanda ya taɓa riƙe ta da abin da Daudu ya yi. Akwai ƙofar shiga, akwai ta fita, kuma jama'a ne suke tsaron duka biyun.

4.0 Da suna ya haɗiye mai shi

Rediyo da talabijin ne suka fara toshe ƙofar fitar. Usman Baba Pategi ɗan gidan sarauta ne, tsohon soja ne, ma'aikacin gidan rediyon Kaduna ne, amma har ya rasu a Nuwamban 2023 Samanja ake ce masa, kuma da yawa ba su san wani suna ba. Haka Umaru Ɗanjuma ya zama Kasagi, Abdullahi Shu'aibu na Jos ya zama Karkuzu, Rabilu Musa na Ɗanlasan, wanda ya yi aikin gidan yari kafin ya rungumi wasa, ya zama Ibro har rasuwarsa a Disambar 2014. Waɗannan ba su taɓa cire gemun audugar ba. An bi su da shi kasuwa da masallaci da gidan biki.

Da bidiyo ta zo, daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, sai abin ya ƙara fuska. Mujallun Tauraruwa da Fim a ƙarshen shekarun 1990 suka mai da rayuwar ɗan wasa ta bayan fage abin saye da sayarwa: wa zai auri wa, wa ya sayi mota, wa ya yi faɗa da wa. Sannan ga gala, inda ake cika filin wasa da Salla don a ga jaruman a tsaye da ransu. Gala ita ce babban taron daɓe da matasanmu suka sani a yau, kuma a cikinta ba labari ake zuwa kallo ba, mutum ake zuwa kallo.

A gefe guda kuma tsohon zargi bai gushe ba. Manazarci Brian Larkin ya kawo yadda gobarar silimar El Duniya ta Kano a 1951, wadda ta ci rayuka 331, ta zama hujja a bakin masu ganin gidan kallo wurin saɓo ne. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001. An ɗaure Ibro a 2008. A 2016 aka janye shirin gina alƙaryar finafinai a Kofa bayan malamai da jama'a sun yi ca, a watan Oktoban shekarar kuma ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon waƙar mawaƙi ClassiQ. Mutanen da suke rububin ɗaukar hoto da ɗan fim su ne kuma suke cewa ba za su ba shi 'yarsu ba. Wannan ba sabon zance ba ne, ba zan daɗe a kansa ba.

Inda nake so in daɗe shi ne Fabrairun 2022, sa'ad da BBC Hausa ta yi hira da dattijuwa Ladin Cima, wadda aka fi sani da Tambaya, a shirin Daga Bakin Mai Ita. Ta ce bayan shekaru masu yawa tana wasa, abin da akan ba ta a fim wani lokaci naira 2,000 ne, wani lokaci 5,000, kuma ba ta mallaki muhalli ba. Ba wasan daɓe ba ne, amma ban san wani lokaci da aka buɗe wa jama'armu cikin shahara suka leƙa kamar wannan ba, don haka martanin da ya biyo baya shi ne mafi kusa da abin da muke nema. Kuma ya rabu kusan yadda Hall ya faɗa. Wasu suka tausaya mata, suka ɗauki maganar yadda ta zo. Wasu masu shirya finafinai suka fito suka musa, suka ce sun biya ta fiye da haka, magoya bayansu suka ce gaskiya ce amma ba duka ba. Wasu kuma suka juya zancen baibai, suka ce ai ƙarshen ɗan wasa ke nan, wa ya aike ta.

A cikin wannan ƙura, tambaya ɗaya ce ba ta samu masu yi da yawa ba: mu masu kallo, nawa muka biya? Shekara da shekaru ana sayen kaset da faifan da aka kwafa ba izini. Da wannan ya wuce, sai aka koma shagon masu tura finafinai, a cika wa mutum waya da 'yan canji, ba ko kwabo da zai isa hannun wadda ta yi wasan. Wanda ya fi kowa zagin furodusa a Facebook, wataƙila a wayarsa akwai finafinai hamsin da bai saya ba. Shahara ba ɗan wasa ne yake ƙera ta ba, masu kallo ne suke ba da ita, su ne suke ƙwacewa, su ne suke tafi, su ne suke tsinuwa, kuma su ne ba sa biya. Marubucin da ya zauna zai rubuta wasa a kan shahara, in dai ba tsoro ya ji ba, sai alƙalaminsa ya iso nan. Da ya iso kuwa, mugun da ke cikin wasan ba a kan daɓe yake ba, yana zaune a kan kujerar roba. Tashe bai taɓa yin haka ba. A tashe kowa yana dariyar wani ne, malami ko gwauro ko marowaci, kuma mai dariyar yana da tabbacin ba da shi ake ba.

5.0 Fitasbag, 1896

Don a ga yadda wasa irin wannan yake yi da taro in an kawo shi ba shiri, sai mu leƙa Rasha. A watan Oktoban 1896 aka fara nuna wasan Anton Cekof mai suna Chaika, sunan wani tsuntsun bakin ruwa, a gidan wasa na Alexandrinsky da ke Fitasbag. Taurarinsa huɗu ne: Arkadina, shahararriyar 'yar wasa mai son kanta wadda ba ta son a tuna mata shekarunta, ɗanta Konstantin, mai son kawo sabon salon wasa, Trigorin, marubucin da ya yi suna amma sunan bai ba shi natsuwa ba, sai Nina, budurwar ƙauye da ta ƙwallafa rai a kan zama 'yar wasa, ta bi Trigorin birni, ta haihu, ɗan ya mutu, ya yasar da ita, ta ƙare tana yawon wasa a ƙananan garuruwa. Duk wanda ya san labaran 'yan matan da ke sauka a tashoshin Kano da Kaduna da Jos da burin shiga fim, ba zai ji Nina baƙuwa ba.

Daren farkon ya watse. An shirya shi ne don karrama wata 'yar wasan barkwanci, Elizabeta Lefkeyeba, kuma masoyanta ne suka cika gidan, sun zo su yi dariya. Tun a kashi na farko, sa'ad da Nina ta fara dogon jawabinta a wasan da ke cikin wasan, aka soma ƙyalƙyatawa da ihu da surutu. Vera Komissarzhevskaya, wadda ta fito a Nina, ta rikice. Cekof ya bar kujerarsa ya koma bayan fage, daga baya ya fice ya yi ta yawo a titi cikin dare, washegari ya bar garin yana cewa ya bar rubuta wasa. Abin lura shi ne, a nune-nunen da suka biyo baya a wannan gidan dai, da 'yan wasan nan dai, an saurara kuma an yaba, domin masu neman barkwanci ba su dawo ba. A Disambar 1898 kuma, da masu shirya wasa Stanislavski da Nemirovich-Danchenko suka sake ɗora shi a sabon gidan wasansu na Mosko, gaban taron da ya san abin da ya zo gani, aka yi ta tafi har tsuntsun ya zama tambarin gidan zuwa yau.

Rubutun bai sauya sosai ba tsakanin daren farko da na biyu. Masu zama ne suka sauya, da abin da aka sa musu a rai. Taron farko kamar wanda ya aiki yaro sayen gishiri ne aka kawo masa kanwa: ba ya tsayawa duba ko kanwar mai kyau ce. Haka aka yi wa Luigi Pirandello a birnin Rum a watan Mayun 1921, da ya kawo wasansa na taurari shida masu neman marubuci, wasan da shi ma a kan sana'ar wasa yake. 'Yan kallo suka rabu biyu, wasu suna ihun cewa gidan mahaukata ne, marubucin ya sulale ta ƙofar gefe shi da 'yarsa. Cikin 'yan shekaru wasan ya zagaye Turai da Amurka.

6.0 In aka kawo shi Kachalla Sembe

Abin da zan faɗa a nan hasashe ne da na gina a kan halayyar taron da na siffanta a baya. A ce ƙungiyar matasa ta shirya wasa a kan yarinyar unguwa da ta tafi neman suna, ta samu, jama'a suka ɗaga ta, suka kuma kayar da ita, aka ɗora shi a farfajiyar makaranta bayan la'asar.

Za a yi dariya a inda marubuci ya so a yi kuka. Wannan kusan tabbas ne, kuma a nan ne manazarci ya fi saurin yin kuskuren fassara. Dariyar taronmu ba ma'ana ɗaya gare ta ba. Akwai ta jin daɗi, akwai ta raini, akwai kuma ta kunya, wadda ake yi in an faɗi abin da bai kamata a faɗa gaban surukai da yara ba, a rufe fuska da gyale ana yi. Ta ukun nan alama ce maganar ta shiga. Haka shirun ɓangaren mata ba yarda ba ne, sau da yawa an ajiye hukuncin ne sai an koma cikin gida. Tashin mutane ma ba lallai fushi ba ne. Wasan da ya kai kiran Magariba ya rasa rabin taronsa ko da Samanja ne a kan daɓe.

Za a nemi wanda za a zaga. Taron ya saba a ba shi mugu, kuma in wasa ya hana shi, zai zaɓa da kansa. Mafi sauƙin zaɓa ita ce yarinyar. Nan ne ido biyun da na ambata suke zama haɗari, domin wadda ta fito a matsayin 'yar fim da ta lalace 'yar unguwa ce, kuma ƙofar fitar da tashe ya tanada babu ita yanzu. Sunan da ta ɗauka a wasa zai iya bin ta har ranar da za a zo neman aurenta. Duk malamin makarantar da ya taɓa neman yarinyar da za ta fito a matsayin karuwa ko muguwar kishiya ya san yadda iyaye suke amsawa, kuma ban ga laifin iyayen ba. Mai shirya wasa da bai yi wannan lissafi ba ya ci amanar 'yar wasansa, komai kyan rubutunsa.

Sa'ad da wasan ya juyo ya nuna taron da yatsa kuwa, misali jarumar ta fuskanci masu wayoyi a sama ta tambaye su me suke ɗauka, a nan nake sa ran rabuwa ta gaske. Samarin baya za su mayar da magana, wasu da zafi. Ni a ganina wannan shi ne nasarar wasan, in dai an tanadi inda maganar za ta sauka. Taron da aka tuhuma aka kuma hana shi kare kansa, tashi zai yi. Taron da aka tuhuma aka ba shi lasifika, zama zai yi har a gaji. Mutanen Jami'ar Ahmadu Bello sun gano haka tun a shekarun 1970, kuma ban ga dalilin da zai sa a bar dabarar ga wasannin taki da rigakafi kaɗai ba.

Saura alkawari. Mafi yawan abin da ke lalata sabon wasa a wurinmu tun a sanarwa yake lalacewa. A zagaya unguwa da lasifika ana cewa a zo a sha dariya, a sa hoton ɗan barkwanci a takardar talla don a tara jama'a, sannan a kawo musu Nina. Wannan shi ne kuskuren Fitasbag, ba ragi ba ƙari. Gara a tara mutum ɗari da suka san wasa mai nauyi za su gani da a tara dubu da aka yaudara. Kuma al'adarmu ta riga ta ba mu mai gabatarwa, wanda zai fito kafin a fara ya gai da manya, ya nemi afuwa, ya faɗi cewa abin da za a gani kwaikwayo ne, wance 'yar gidan wane ce kuma ba halinta ba ne, sannan a ƙarshe ya sake fito da 'yan wasan da kayansu na gida ya kira kowa da sunansa na yanka. Wasu abokan aiki masu bin tsarin Turai suna ganin wannan yana kashe armashin wasa. Ni ina ganin shi ne yake sake buɗe ƙofar fita, kuma in babu shi ba za mu samu 'yan mata masu fitowa a irin waɗannan wasanni ba.

7.0 Kira ga manazarta

Hanyar tattara bayananmu ma tana bukatar gyara. Takardar tambayoyi da ake raba wa mutane bayan wasa ba ta kamo komai sai ladabi. Kowa zai ce wasa ya yi kyau, ya ilimantar, Allah ya ƙara basira. Hukuncin gaskiya yana cikin abin da aka yi ihu da shi ana tsakiyar wasa, da abin da aka faɗa a teburin mai shayi da daddare, da abin da aka tattauna a gidan suna bayan kwana uku. Don haka in za a ɗauki wasa, a sa na'ura biyu, ɗaya ta fuskanci daɓe, ɗaya ta fuskanci jama'a, da saninsu da izininsu. A samu mace manazarciya ta zauna cikin mata, domin namiji ba zai taɓa jin abin da ake faɗa a can ba. A Jalingo kuma lallai a samu mai jin Fulatanci da mai jin Mumuyanci a cikin masu binciken, saboda wasan da Hausa ake yin sa, amma sharhin da ake raɗa wa na kusa sau da yawa ba da Hausa ba ne, kuma shi ne wanda ba a tace ba.

Muna da Jami'ar Jihar Taraba a nan Jalingo tun 2008, muna da Kwalejin Ilimi ta Zing, muna da Jami'ar Tarayya ta Wukari. Kowace shekara ɗalibai suna neman batun kundin kammala karatu, kuma kowace shekara ana sake ba su jigo da salon littattafan da aka riga aka feɗe. Ina roƙon malamaina masu duba kundaye da su tura ko da mutum biyu ne a shekara su zauna cikin 'yan kallo a Kachalla Sembe da Sintali da Kona da Barade, lokacin bukukuwan makarantu da tashe da Kirsimeti, su rubuto mana abin da jama'a suka faɗa da bakinsu.